Yadda ake tsara shigowar kaya da fitarsu a kamfanin gyaran shinkafa

Wata rana cikin watan Yuli na shiga wani kamfanin gyaran shinkafa a nan Gombe, na tarar da inji a kashe, leburori na zaune a inuwar tirela. Ga wuta, ga shanshera jibge a sito. Abin da ya ƙare shi ne buhun zuba shinkafa da ake bugowa daga Kano, kuma sai da ya yi kwana tara kafin ya iso. Abin ya daɗe yana damuna, domin littafi da biro kaɗai sun isa su hana irin wannan asara.

Fara da rubuta duk abin da aikin ke ci, ba shanshera kaɗai ba: buhu, zaren ɗinki, man gas, bel ɗin inji, itace ko ƙaiƙayin turara. A gaban kowanne ka sa adadin da ake ci a rana, da kwanakin da yake ɗauka kafin ya iso ƙofarka.

Daga nan sai ka fitar da lokacin yin oda, kuma a nan yawancin mutanenmu ke tuntuɓe. Mu ce kana cin buhun zuba shinkafa 200 a rana, mai kawo maka kuma yana ɗaukar kwana 7. Ka ga 1,400 ke nan. Ƙara na kwana 3 saboda lalacewar mota ko ruwan damina, wato 600. Duk ranar da buhunan sito suka sauko zuwa 2,000, a ranar za ka buga waya, ko da sito na nuna maka kamar da saura. Haka za ka yi wa kowane kaya.

Na uku, kada ka rataya kamfani a wuyan mutum ɗaya. Ka riƙe dillalinka na kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe, amma ka ƙulla da manoman rani na Dadin Kowa, domin shansherarsu tana fitowa ne lokacin da ta damina ta fara wuya a kasuwa. Ka biya su a ranar da ka faɗa. Manomin da ka cika wa alkawari kai zai fara nema ranar da kaya suka yi ƙaranci.

Idan mota ta iso, kada a sauke sai an ɗora a sikeli an kuma auna danshi. Shansherar da danshinta ya haura kashi 14 cikin 100 ba ta ajiyuwa, ɗumi take yi ta yi fumfuna, ga shi ka sayi ruwa da kuɗin shinkafa. A zura hannu cikin buhu a duba tsakuwa da ƙaiƙayi tun mai kaya na tsaye.

A sito, a jera buhu kan katako nesa da bango, a rubuta ranar shigowa, wanda ya riga shiga shi zai riga fita.

Sai ɓangaren fita. Kafin ka kunna inji ka san nawa 'yan kasuwar Gombe za su ɗauka, nawa za a tura Yola ko Maiduguri. Ka daidaita da direba tun wuri, ka nemi wanda zai dawo maka da buhu ko gas don kada ka biya kuɗin motar da ta dawo fanko. Kowace Asabar kai da mai kula da sito ku ƙirga abin da ke ƙasa, ku gwada shi da abin da ke littafi.