Ragin haraji ga ma'aikatan jinya a Nijar: yadda za ka duba takardar albashinka

Ma'aikatan jinya da yawa a Yamai da Tahoua suna ganin bidiyo a Facebook inda takwarorinsu na Amurka ko Kanada ke bayanin yadda suke tara rasit na rigar aiki da takalmi da na'urar awon jini, a ƙarshen shekara a rage masu haraji. Wannan ba tsarin Nijar ba ne. A Nijar harajin albashi, wanda ake kira ITS, mai biyanka ne ke cire shi kowane wata ya kai wa hukumar haraji ta DGI tun kuɗin bai shigo hannunka ba. Ko ka cika kwali da rasit na fararen riguna, ba za a rage maka ko dala ɗaya saboda su ba. Ragin yana nan, amma a cikin lissafin albashi yake, kuma can ne mutane ke asara ba su sani ba.

Ka ɗauko takardar albashi ta wata biyu ko uku a jere. Abu na farko da ake cirewa kafin a auna haraji shi ne kuɗin fansho. Ma'aikacin gwamnati mai lambar matirkil ana cire masa kashi 6 cikin ɗari. Wanda ke aiki a kilinik mai zaman kanta ko wata ƙungiyar agaji, kashi 5,25 ne ke tafiya CNSS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, wadda kowa ke kira Kes. Bayan wannan akwai ragin kashi 10 cikin ɗari na ɗawainiyar aiki. Shi ne ke tsaye a madadin rasit ɗin nan: riga, takalmi, man babur, duka doka ta dunƙule su a cikinsa. Ba a neman sa da takarda, kuma ba a ƙara shi don ka kashe fiye da haka.

Abin da ya rage shi ake hawa da shi tsanin haraji, mataki-mataki. Jaka 25 ta farko kashi 1 ne, daga nan zuwa jaka 50 kashi 2, zuwa jaka 100 kashi 6, zuwa jaka 150 kashi 13, zuwa jaka 300 kashi 25, har a kai kashi 35 ga abin da ya haura miliyan ɗaya a wata. A ce bayan cire-ciren nan saura jaka 170. Matakai huɗu na farko sun ba da sefa 250 da 500 da 3.000 da 6.500, jaka 20 da ta rage kuma ta ba da 5.000. Jimla 15.250. Nan ne amsar masu cewa kuɗin gadin dare ya sa an cinye masu albashi: ƙarin da ya haura matakin ne kawai ake yi wa kashi 25, na ƙasa yana nan yadda yake.

Inda ya kamata ka zuba ido sosai shi ne yawan iyalin da aka rubuta maka. Mutum ɗaya a wuyanka yana kawo ragin kashi 5 daga kuɗin da za a yi wa haraji, biyu kashi 10, uku 12, huɗu 13, biyar 14, shida 15, bakwai kuma kashi 30, daga nan ba a ƙara ƙirgawa. A misalin jaka 170 ɗin nan, mai mutum uku harajinsa zai sauko zuwa wajen jaka 10, wato bambancin kusan jaka 5 a wata, jaka 60 a shekara. Sau da yawa za ka tarar da majo mai 'ya'ya huɗu amma takardarsa na nuna sifiri, don tun ranar da aka ɗauke shi aiki yana gwauro bai sake kai wata takarda ba. Kwamfutar albashi ba ta zuwa suna.

Gyaran ba wuya. Ka haɗa takardar aure ta magajin gari, takardar haihuwar kowane yaro, da shaidar karatu ga yaron da ya girma amma yana makaranta. Auren da aka ɗaura a masallaci ko zaure ba a yi rajistarsa ba, ko yaron da aka haifa a gida ba a bayyana shi a kan lokaci ba, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ke maye gurbin takardar. Ma'aikacin gwamnati zai miƙa ta hannun mai kula da ma'aikata na asibitinsa ko na hukumar lafiya ta jiha, su tura zuwa sashen albashi a Yamai. Na kilinik kuma ya kai wa akanta. Ka yi kofi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Idan miji da mata duka ma'aikata ne, a daidaita wanda yaran za su hau takardarsa, kada a sa yaro ɗaya a wuri biyu. Sannan a duba sunaye da kyau, domin Mahamadou a wata takarda da Mamane a wata ya isa ya maido da fayil baya.

Masu aikin dare a kilinik bayan sun tashi daga asibitin gwamnati su lura. Idan ana biyanka a ambulan ba takarda, ana kuma ce maka an cire na Kes da na haraji, ka nemi lambarka ta CNSS ka je ofishinsu ka ga ko kuɗin na shiga. Ana cirewa a ƙi kaiwa, kuma ba a ganewa sai lokacin ritaya ko haɗari a bakin aiki, kamar sukar allurar da aka yi wa mara lafiya.

Rasit yana da amfani a wuri biyu. Na farko, kuɗin da ka kashe da umarnin mai aikinka, kamar tafiyar rigakafi zuwa ƙauye: wannan maido maka ake yi, don haka ka riƙe takardar izinin tafiya da hatiman wuraren da ka je. Na biyu, wanda ya buɗe ɗakin jinya na kansa da izinin ma'aikatar lafiya. Shi ya bar sahun masu albashi a wannan fanni, sai ya nemi lambar shaidar mai biyan haraji, wato NIF, a wurin DGI. Idan yana kan tsarin da ake lissafa ainihin riba, kuɗin haya da wutar NIGELEC da safar hannu da sirinji suna fita daga ribar da za a yi wa haraji, muddin takardar sayen tana ɗauke da NIF na mai sayarwa. Ɗan rubutun mai shago a gefen kwali ba ya karɓuwa. Idan kuma ya ɗauki ma'aikata, shi ne yanzu mai cire masu ITS da kuɗin Kes.

Dokar kasafin kuɗi kan taɓa waɗannan alƙaluma, kuma a watan Janairu take fara aiki. Ka ajiye takardar Disamba kusa da ta Janairu ka kwatanta layi-layi. In wani sabon cirewa ya fito ko yawan iyali ya canza, ka kai wa akanta ko wakilin ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS na wurin aikinka a cikin watan, kafin kuskuren ya taru.