Yadda Ake Hango Ruwan Sama Mai Daskarewa Kafin Ya Sauka

Wannan ruwa yana saukowa ne a matsayin ruwa, amma da ya taɓa titi ko waya ko reshe sai ya daskare nan take. Shi ne ya lulluɓe Montreal ta Kanada da kewayenta a Janairun 1998, kaurin ƙanƙara ya kai kusan milimita 100 a wasu wurare, manyan turakun lantarki na ƙarfe suka durƙushe, miliyoyin mutane suka kwana cikin duhu da sanyi. Ma'aunin zafin ƙofar gida kaɗai ba zai nuna maka zuwansa ba, sai ka leƙa sama.

1. Duba zafin iska daga ƙasa zuwa sama. Hukumomin yanayi suna sakin balan-balan mai na'ura sau biyu a rana, tsakar dare da tsakar rana agogon GMT. A sakamakonsa nemi iska mai ɗumi da ta haye kan mai sanyi, galibi wajen tsayin mita 1,500.

2. Auna ɗumin saman. Idan bai kai digiri 1 na ma'aunin Celsius ba, dusar ƙanƙara da ke faɗowa daga gajimare za ta ratsa ba ta narke ba. Tsakanin 1 da 3 tana narkewa rabi da rabi, ta sake daskarewa a hanya ta faɗo tsakuwa-tsakuwa. Ya haura 3, ta narke sarai, kuma nan haɗarin yake.

3. Duba kaurin iska mai sanyi da ke dab da ƙasa. Mai kauri sosai yana daskarar da ɗigon tun a sama. Siriri, wanda ke ƙasa da sifili, shi ke barinsa ya iso yana ruwa.

4. Kada busasshiyar iska ta yaudare ka. Ma'auni na iya nuna digiri 2 sama da sifili, ruwa na farawa wani sashensa ya bi iska, zafin ya faɗo ƙasa da sifili cikin ɗan lokaci. Don haka a dogara da ma'aunin da aka naɗe wa jiƙaƙƙen ƙyalle, shi ke nuna inda zafin zai tsaya.

5. Lura daga ina iskar ƙasa ke kaɗawa. Wannan mataki ya fi sauran muhimmanci a ganina. Ruwa idan yana daskarewa yana sakin ɗumi, wanda ke tura zafin iska zuwa sifili, abin ya mutu da kansa. Ba ya daɗewa sai idan sabon sanyi na ci gaba da kwararowa. A kwarin kogin da ya ratsa Montreal, iskar arewa maso gabas ce ke wannan aikin. A gabashin tsaunukan Appalachia na Amurka, sanyin ke maƙalewa a gindin dutse ya ƙi tafiya. Nan hasashen kwamfuta ya fi kuskure, domin yakan kore wannan siririn sanyi da wuri. Muddin iskar ba ta juya ba, ƙara sa'o'i a kan lissafinsa.

6. Auna titi daban. Bayan kwanakin sanyi, kwalta na iya zama ƙasa da sifili ko da iska ta ɗan ɗumama, kuma gada ce ke fara daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinta.

Wajen ƙiyasta kauri, yayyafi mai naci tare da iska ya fi ruwa mai ƙarfi manne ƙanƙara, don shi mai ƙarfin yawancinsa zubewa yake yi. Hukumar yanayi ta Amurka takan fitar da babban gargaɗi idan ana sa ran kaurin zai kai kimanin milimita 6, daga nan rassa da wayoyi ke fara tsinkewa.