Yadda Nake Ɗaukar Fim da Damina a Ƙasar Sakkwato

Kyamarata ta farko damina ce ta cinye ta, kuma ko ɗigon ruwa bai taɓa zuba a kanta ba. Na kwana da ita a ɗaki mai sanyin esi, da sassafe na fito da ita bayan an kwana ana tafka ruwa, nan take gilashinta ya yi gumi ciki da waje. Na sa gefen riga na goge na wajen, na yi aikina, na mayar da ita jaka na zuge. Bayan wata guda na ɗaga gilashin a hasken taga, sai ga fumfuna ta bazu a ciki kamar saƙar gizo-gizo. Mai gyara ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Malam, sai haƙuri." Tun ranar nake gaya wa yaran da ke bina wurin aiki cewa danshi ya fi ruwan sama ɓarna, don shi ruwa kana ganin tahowarsa.

To bari mu fara da kayan. Kada ka kashe kuɗi a kan jakar da aka ce ba ta shan ruwa. Ka nemi babbar robar fenti mai murfi, ka wanke ta tas, ka shanya ta, ka shimfiɗa tsumma a ƙasanta. Ka tara 'yan ƙananan ƙunshin nan na tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, ka zuba su ciki. A nan kyamara da gilasanta za su riƙa kwana. Robar nan kuma kujera ce a gona, teburi ce a zaure, kuma ko babur ya kayar da kai cikin taɓo ba abin da zai shiga. In za ka fito daga wuri mai sanyi, ka bar kyamarar a rufe kamar minti 20 ta saba da iskar waje kafin ka buɗe. Wajen aiki kuwa farar leda mai kauri da robar ɗaure kuɗi sun isa: ka huda ledar daidai bakin gilashi, ka ɗaure, ka sa yaro ɗaya ya riƙe lema, aikinsa ke nan ba wani. Batir kuma, kowa ya san da hadari ya taso wuta ake fara ɗaukewa, don haka ka cika duka tun dare, ka tafi da na ajiya. A ƙauye shagon mai cajin waya zai fisshe ka, amma ka zauna kusa da kayanka. Abin da ka ɗauka a yini ka kwafe shi wuri biyu kafin ka kwanta, ɗaya a jakarka, ɗaya a ta abokin tafiyarka.

Damina a nan gajera ce. Ruwa yakan fara faɗuwa ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ya kafu a Yuli, a yi malka a Agusta, kafin Satumba ta ƙare ya fara sallama. Kowane wata da fuskarsa, sai ka san wacce kake nema. Yuni na ƙura ne da jan rairayi da shuka mai kunne biyu. Agusta kore ne shar, gero ya shanye tsawon mutum. Satumba gulbi ne cike da fadamar shinkafa. Mai fim ɗin tarihi ya kula da wannan ƙwarai. Yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804 aka yi shi, wato farkon damina, 'yan watanni bayan hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu. Wanda ya nuna wa mai kallo hazon hunturu yana ba da wannan labari, ya canza masa yanayin da mutanen suka yi yaƙin a ciki.

Akwai tarko guda da ya taɓa kama ni. Na ɗauki hirar wani manomi a tsakiyar Yuli, gero na bayansa iya gwiwa. Sauti ya lalace a rabi, na koma bayan mako biyu don in ƙarasa, na tsayar da shi wuri ɗaya da riga ɗaya da hula ɗaya. Da na zo haɗawa sai ga mutum yana fara jimla gero na gwiwarsa, yana ƙarasa ta gero na kafaɗarsa. Duk abin da ka fara a gona, ka gama shi a ranar ko washegari.

Sai karatun sama, wanda shi ne rabin sana'ar. Hadarinmu daga gabas yake tasowa. Za ka ji zafi ya yi nauyi, iska ta tsaya cak, ganye ba ya motsi, can ƙasan gabas ya fara duhu, kana jin cida daga nesa. Daga nan sai wata iska mai sanyi ta bugo, a farkon damina da bangon ƙura ja a gabanta. A gwajina, daga bugowar iskar nan zuwa saukar ruwa ba ka da fiye da kwatan awa, wani lokaci ma bai kai ba. Hasken da na fi ƙauna a duniya a nan yake: bayan la'asar, rana ta karkata yamma tana bayanka, hadari baƙi ƙirin a gabanka. Farar riga takan yi kamar an kunna ta, jan bangon ƙasa ya yi kamar garwashi, farin balbela ya ratsa baƙin sama. Ka kafa ƙafar kyamara tun hadarin yana nesa, ka juya baya ga rana, ka jira. In ka tsaya sai ya iso sannan ka fara kwance jaka, ka makara.

Amma ka san lokacin gudu. In ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce tsakaninka da ita. Ni da ƙirgata ta gaza 30 nake cewa a naɗe. Mai ɗaukar sautina yana riƙe da doguwar sandar makirufo a fili fetal, ba na son in je gidansu da labari. Kada ku fake gindin bishiya ita kaɗai a gona, ku nemi ɗaki ko mota.

Ruwan kansa ba ya fita a hoto in ka ɗauke shi a kan farin sama, sai ka ga hoton ya yi dishi-dishi kawai. Ka sa duhu a bayansa: ƙofar zaure, inuwar dogonyaro, baƙin bango, sannan haske ya zo masa daga baya ko daga gefe. Ka nemi indararo yana feshi a kan dutsen da aka aza ƙarƙashinsa, ko bahon da mata suka tara a bakin kwano, ko ƙafar yaro tana tsallake kwata. Waɗannan sun fi faɗa wa mai kallo cewa ana ruwa fiye da faffaɗan hoton gari. Hira kuwa kada ka kuskura ka yi ta a ɗaki mai rufin kwano, ko yayyafi ne sai ya zama kamar ana kaɗa ganga a kan mutum. Ɗakin soro ko zauren ƙasa ko bukka su ne abokanka. Bayan magariba kwaɗi ne za su karɓe filin, kada ka yi faɗa da su, ka ɗauki kukansu minti biyu ka ajiye, wata rana za ka neme shi.

Yanzu ga abin da ya fi kaya wuya, wato mutane. Manomi da damina ba shi da safiya. Wanda ya je masa da kyamara da hantsi yana tsakiyar noma, ya je ne ya tsayar masa da abincin shekara. Ka je ranar Juma'a, ko ranar kasuwar garin, ko da yamma bayan an tashi daga gona. Ka fara da gidan maigari ko hakimi, da goro a hannunka, ka faɗi abin da ya kawo ka dalla-dalla da inda za a nuna fim ɗin. Ranar farko ni ba na ma fitar da kyamara daga robarta. Kuma kada ka ɗauki mata a rijiya ko a gona sai an tambaye su sun yarda, su da masu gidansu.

Wani tsoho mai jirgin ruwa a bakin gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa, shi ya gyara mini tunani a kan wannan aikin. Na yi hayar mota, na biya yara uku kuɗin yini, mun iso ke nan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka ruga zaurensa. Ina tsaye bakin ƙofa ina duba agogo ina tsaki, ina lissafin asara. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, mi as same ka?" Na ce, "Baba, ruwan nan ya ɓata mini aiki." Ya ce, "Wanga ruwa mu munka roƙe shi, kai ko ka taho ka ishe shi. Zamna ka sha hura." Ashe sati biyu ke nan ba su ga ɗigo ba, shuka ta fara murɗewa, har sun fita sallar roƙon ruwa. Na ji kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na zauna. Ya ɗaga hannu yana cewa "Allahumma sayyiban nafi'an", addu'ar da na haddace tun ina makarantar allo amma ban tuna da ita ba a ranar, don hankalina na kan kuɗin mota.

Awa uku muka yi a zauren nan. A ciki ya ba ni labarin ambaliyar 2010, wadda ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da yadda jirage irin nasa suka koma su ne motar kowa, malami da ɗalibi da mai tallan nono. Ya nuna mini a jikin bango inda ruwa ya tsaya. Ban ɗauki ko daƙiƙa ɗaya ba, amma fim ɗin da na yi daga baya a zauren nan aka haife shi. Da magariba liman ya haɗa mana ita da lisha saboda ruwa da taɓo, muka yi sahu kafaɗa da kafaɗa, rigunanmu na ɗiga a kan tabarma. Shi ya sa nake cewa duk jadawalin da za ka rubuta da damina, ka bar kwana ɗaya fanko a cikin kowane uku, kuma ka sa kuɗinsa a lissafi tun farko. Ranar da ruwa ya tsare ka, ka ajiye waya ka yi hira da wanda aka tsare ku tare.

Ni dai damina takan taɓa mini zuciya ta wata hanya. Filin da na wuce a Afrilu ƙurmus, ko akuya ba ta tsayawa, in dawo a Yuli in tarar da tafasa ta rufe shi. Alƙur'ani ya sha kawo wannan misali na matacciyar ƙasa da ake rayarwa da ruwa, a kan tashin ƙiyama, kuma mutumin Sakkwato ba ya buƙatar dogon tafsiri a kansa, a bayan gidansu ake yi kowace shekara. Kafin in fara kowane babban aiki nakan shiga Hubbaren Shehu da safe, in an yi ruwan dare ƙasa na ƙamshi, in yi addu'a ga mutumin da ya rasu tun 1817 amma har yau baƙi daga nesa ba su daina zuwa ba. A can ba na ɗaga kyamara sai masu kula da wurin sun ba ni izini, kuma sau da yawa ba na ma tambaya. Haka nake yi in na je Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837.

Maganar Wurno ta kawo mu ga hanya. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ya sha fama da 'yan bindiga, kuma da damina duhun gona kan ƙara rufe hanya. Kafin ka nufi ko'ina ka kira ɗan garin a safiyar ranar, ka kuma tambayi direbobin tasha, su ne suka fi kowa sanin halin da ake ciki. In an ce kada ka zo, kada ka je, babu hoton da ya kai haka. Ka dawo gida kafin magariba. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa kada ka tashe shi ba da izinin hukuma ba, kuma ka sanar da mutanen gari tukuna, don a wannan zamani abu mai shawagi a kan ƙauye tsoro yake sawa. In ka iso kwazazzabo ruwa na gudu a kan hanya, ka sauka ka jira ka ga ɗan gari ya ƙetare. Yawancin irin wannan ruwa cikin awa ɗaya ko biyu yake janyewa. Inda mota ta gaza, ɗan kabu-kabun garin ya san inda ƙasa ke da ƙarfi, ka ɗaura robarka a baya ka hau. Gidan sauro kuma ya shiga jaka kafin kyamara, kuma duk wanda ya ji zazzaɓi a cikinku a kai shi gwaji a ranar, ban da cewa gajiya ce.

Da kaka, in an yi girbi mutane sun samu sukuni, ka koma. Ka wanko hotuna ka kai wa waɗanda ka ɗauka, ka nuna musu fim ɗin ko a kwamfuta ne a ƙofar gidan maigari. Na kai wa Baba mai jirgi nasa a leda. Ya riƙe shi nesa da fuska, ya daɗe yana dubawa, bai ce komai a kan kansa ba. Ya sa yatsa a gefen jirgin ya ce katakon nan ya tsage tuni, ya canza shi. Sannan ya soke hoton a jikin azara, ya aika jikansa ya ɗebo mini dami biyu na sabon gero, muka yi ta gardamar yadda za a ɗaura su a bayan babur tare da robar fenti.