Idan majiyyaci ya sulale a kujerar likitan haƙori: kurakuran da aka fi yi

Likitan haƙori na iya yin shekaru yana aiki bai taɓa ganin zuciya ta tsaya a gabansa ba. Abin da ya saba gani shi ne suma, wadda tsoron allura, zafi ko yunwa ke kawowa. Wannan sabon ne ke haifar da kuskure mafi muni: duk wanda ya sulale sai a ce suma ce, a zuba masa ido ana jira ya farfaɗo.

Mai suma yana numfashi. Idan aka kwantar da kujerar aka ɗaga ƙafafunsa, cikin minti ɗaya ko biyu zai dawo hayyacinsa. Barinsa a zaune ne ke tsawaita abin. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa ba ya amsa kira, kuma ko dai numfashin ya ɗauke, ko yana wani kakari jefi-jefi da baki a buɗe. Kakarin nan ba numfashi ba ne, amma ya sha yaudarar ma'aikatan lafiya. Ka girgiza kafaɗarsa, ka kira sunansa, ka ɗaga haɓarsa ka dubi ƙirji. Kada binciken ya wuce daƙiƙa 10. In kana kokwanto, ka sa a kira motar asibiti, ka fara danna ƙirji.

A wajen dannawar ma akwai gyara. Hannun da ya saba da aiki mai laushi a cikin baki yakan ji tsoron karya haƙarƙari, sai ya riƙa shafa ƙirji maimakon dannawa. Ga baligi, ana so ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, a bar shi ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Bayan dannawa 30 a ba da numfashi 2. Haƙarƙari in ya tsage zai warke. Gajiya na rage ƙarfin hannu tun mai yi bai ankara ba, don haka a riƙa karɓeɓeniya duk bayan minti 2. Wanda ya yi karatu kafin 2010 ya lura: a shekarar ce Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta sauya tsarinta, ta sa danna ƙirji gaba da ba da numfashi.

Ba dole ba ne a ɓata lokaci wajen kinkimar mutum zuwa ƙasa. A miƙar da kujerar, a tokare bayanta da ƙaramar kujerar likita don kada ta riƙa lilo, a zare auduga da duk kayan aikin da ke bakinsa.

Sai na'urar AED, mai girgiza zuciya da lantarki. Duk mintin da ya wuce ba a yi amfani da ita ba, damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Da zarar an kunna ta, ita ke faɗin abin da za a yi. Amma ina amfaninta in tana kulle a ofis, ko batirinta ya mutu?

Mummunan borin jini da magani irin su fenisilin ko safar roba kan tayar yana da nasa kuskuren. Fuska ta kumbura, murya ta dushe, numfashi na fita da ƙyar, sai a ɗauko maganin ƙaiƙayi. Abin da ke ceton rai shi ne allurar adiranalin, miligiram 0.5 ga baligi, a tsokar cinya ta gefen waje, a maimaita bayan minti 5 in ba a ga sauƙi ba. Ɗan adiranalin da ke cikin allurar kashe zafin haƙori bai kai ko kusa ba. Kuma kada a tayar da majiyyacin tsaye.

Mai farfaɗiya ba a cusa masa komai a baki. Mai ciwon sukari da ya fara gumi da rikicewa a ba shi gulukos ya sha, muddin yana iya haɗiya. Da yawa daga cikin waɗannan da an hango su in an yi tambaya sosai tun farko: wane magani kake sha, ka ci abinci yau, ka zo da abin shaƙar asmarka?

A ganina, gibin da ya fi kowanne girma shi ne ɗaukar takardar shaidar horo a matsayin shiri. Ƙwarewar hannu na dushewa cikin 'yan watanni. Shi ya sa hukumar likitocin haƙori ta Birtaniya ke ba da shawarar aƙalla awa 2 na horon gaggawa a kowace shekara. Horon likita shi kaɗai bai isa ba. A tara kowa, har da mai karɓar baƙi, a yi atisaye a ɗakin da ake aiki: wa zai kira mota, wa zai ɗauko oksijin da akwatin magani, wa zai rubuta lokaci. A kuma ɗora wa mutum ɗaya duba akwatin da tulun oksijin kowane mako, yana sa hannu a littafi.