Kafin ka sayi kondo a Ontario, ka san masu riƙe da asusun ginin

'Yan'uwa da suka sauka Toronto ko Ottawa ko Mississauga a ƙasar Kanada, da zarar sun ɗan zauna da gindinsu, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne su huta da biyan haya. Gida mai zaman kansa ya yi tsada, sai ido ya koma kan kondo, wato ɓangare guda a cikin dogon bene. Shawara ce mai kyau, amma da yawanmu muna shiga ne da tunanin cewa wanda ya biya kuɗi ya karɓi makulli ya gama da kowa. A kondo ba haka abin yake ba. Kamar gidan gado ne: ɗakinka naka ne, amma rufi da zaure da rijiya na kowa ne, in kuma katanga ta faɗi, kowa sai ya sa hannu a aljihu.

Dokar da ke tafiyar da wannan zama a lardin Ontario ita ce dokar kondo ta shekarar 1998. A ƙarƙashinta, duk wanda ya sayi ɓangare ya zama ɗan ƙungiyar masu ginin, ko ya so ko bai so ba. Ƙungiyar ke zaɓen kwamitin gudanarwa, mutum uku aƙalla, kuma wa'adin kowannensu ba ya wuce shekara uku sai an sake zaɓe. Waɗannan mutane ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Galibi maƙwabtanka ne, wataƙila dattijuwar da kuke haɗuwa a lif da safe tana ciki. Su ke yanke kuɗin da za ka riƙa biya duk wata, su ke ɗaukar manajan gini, su ke sa hannu a kwangilar gyaran rufi ta miliyoyin daloli.

Kuɗin watan nan ba abin wasa ba ne. In ka daina biya don kana fushi da kwamiti, ƙungiya na da ikon yi wa gidanka rajistar bashi cikin wata uku, ta ɗora maka kuɗin lauya, in abin ya yi nisa har ta kai ga sayar da gidan. Ka biya, sannan ka yi ƙorafinka.

Takardar da ta fi kowace muhimmanci kafin saye ita ce wadda suke kira status certificate, wato takardar da ƙungiyar ke bayarwa kan halin da gidan da ginin ke ciki. Doka ta ce kuɗinta kada ya wuce dala 100, kuma a ba ka cikin kwana 10. A cikinta za ka ga ko mai sayarwa na da bashi, ko ana shari'a da ƙungiyar, da nawa ke cikin asusun ajiya na manyan gyare-gyare. Ka kai wa lauya ya karanta, kada ka dogara da bakin dillali. Kuma in ka ga tsohon bene amma kuɗin watansa ya yi araha sosai, kada ka yi murna tukuna. Sau da yawa ma'anarsa kwamitin ya yi shekaru yana tsoron ƙara kuɗi don kada a ƙi zaɓensa, ana ta ɗage gyara. Ranar da garejin ƙasa ya fara yoyo, sai wasiƙa ta iso kowane gida cewa an yanka masa dubban daloli na musamman. Doka ta wajabta a riƙa nazarin asusun ajiyar duk shekara uku, don haka ka nemi na ƙarshe ka gani.

Wanda yake ganin wannan surutun takarda ne, ya tuna benen Champlain Towers South a garin Surfside na jihar Florida a Amurka. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa akwai babbar ɓarna a simintin ginin. Aka yi ta jan magana kan kuɗin gyara, har ya kai kusan dala miliyan 15. Ranar 24 ga Yuni 2021 wani sashe na benen ya rufta cikin dare, mutum 98 suka rasu. Allah Ya kiyaye mu. Bayan nan ne Florida ta tsaurara dokarta kan duba tsofaffin benaye da cika asusun ajiya.

To, in kwamiti ya karkace, me ke hannunka? Doka ta ɗora musu yin aiki da gaskiya da kyakkyawar niyya, da kulawa irin ta mai hankali. Ɗan kwamitin da ke da wata maslaha a kwangila, misali kamfanin nasa ne, dole ya bayyana. Sabon ɗan kwamiti kuma sai ya kammala horon da hukumar Condominium Authority of Ontario ke bayarwa cikin wata shida, in ba haka ba kujerarsa ta faɗi da kanta. Kai kuma mai gida kana da haƙƙin neman takardu: bayanan kuɗi, rahoton zaman kwamiti, kwangiloli. Akwai fom na musamman, kuma su ba ka amsa cikin kwana 30. In suka yi kunnen uwar shegu, akwai kotun kondo ta intanet da aka buɗe a 2017. Dala 25 ake buɗe ƙara, in ta bi dukkan matakai uku har hukunci jimilla dala 200 ne. Tana sauraron rigimar takardu, da ta dabbobi, da wurin ajiye mota, da hayaniya da wari da hayaƙi. Amma zargin cin amana ko zalunci daga kwamiti, wannan sai babbar kotu, kuma can kuɗin lauya ba kaɗan ba ne.

Ana kama su kuwa? Akan yi. A wata shari'a daga Ottawa kan yadda za a mayar da farfajiyar gini bayan gyara, 'yan kwamiti sun yi gaban kansu duk da umarnin alƙali, kuma a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario ta tabbatar sun raina kotu, aka ci su tara ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a ganina hanya mafi sauƙi ita ce ƙuri'a. Masu kashi 15 cikin ɗari na gidajen za su iya tilasta a kira taro, amma tsige ɗan kwamiti sai da amincewar fiye da rabin dukkan gidajen ginin, ba rabin waɗanda suka halarta kawai ba. A benen da yawancin masu shi suka zuba 'yan haya suka yi tafiyarsu, tara wannan adadi aiki ne ja. Shi ya sa taron shekara-shekara bai kamata ya wuce ka ba. In wani ya ƙwanƙwasa maka ƙofa da takardar wakilci ya ce "sa hannu kawai, don a cika adadi ne", ka karanta sunan wanda kake miƙa wa ƙuri'arka.

Mai haya ma dokokin ginin sun hau kansa, ko da yake ba shi da ƙuri'a. Wajibi ne mai gida ya ba ka kwafinsu, in bai ba ka ba ka tambaya. Hajiya ta duba abin da aka ce kan hayaƙi kafin ta kunna turaren wuta, don na'urar gobara ba ta san ƙamshi ba. A duba batun shanya a baranda da kafa dish. Walimar suna ko ta Sallah kuma, yawancin benaye na da ɗakin taro da ake kamawa tun da wuri, a ajiye kuɗin jingina, a karɓa bayan an share wurin.