Kafin ku yi wa yaro faɗa kan sakamakon jarrabawa

Iyaye, idan sakamakon jarrabawar bai-ɗaya ya iso, ku fara duba abin da lambar take aunawa. Wasu takardun matsayin yaro cikin sa'o'insa suke nunawa, ba yawan tambayoyin da ya ci ba. In an rubuta 60 a wannan gurbin, ana nufin ya kai ko ya zarce yara 60 cikin kowane 100 da suka zauna jarrabawar. Mai 50 kuwa tsakiya yake, bai faɗi ba. A nan ne ake yawan tsawata wa yaro ba gaira ba dalili.

Kada jimillar maki ta ɗauke muku hankali, ku gangara inda aka rarraba ta fanni-fanni. Yaro na iya cin tarawa da ɗebewa tas, amma ya maƙale a tambayar da aka kawo cikin labari, wai an raba alƙaluma 24 ga ɗalibai 6. Wani lokaci karatun ne bai zauna ba, lissafin lafiya lau yake. Bambancin maki biyu ko uku tsakanin bara da bana kuma ba abin tada hankali ba ne, kowace jarrabawa tana da ɗan kuskuren awo.

Ku je wa malaminsa da takardar, ku tambaye shi ko ta yi daidai da abin da yake gani a aji.