Yadda ake auna zafin jiki da bugun zuciyar ɓeran gwaji bayan ya shaƙi iskar ozon

Idan ɓeran gwaji ya shaƙi ozon, wata iskar gas mai cutar da huhu, ko da rabin kashi ɗaya cikin miliyan ne na iskar akwatinsa, jikinsa sanyi yake yi, zuciyarsa kuma ta rage gudu. Masu bincike a hukumar kare muhalli ta Amurka sun ga haka tun shekarun 1990: zafin jiki yakan sauka da digiri 1 zuwa 3. Ƙaramin jiki ne, ya rage ƙona abinci, numfashi ya ragu, gubar da ke shiga huhu ita ma ta ragu. Mutum ba ya yin haka.

Ɗalibin da zai gwada wannan a Garwa, Marwa ko Ngaundere a Kamaru, ga yadda zai bi.

Da farko ka nemi izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji, ka bar ɓerayen mako guda su saba da ɗakin.

Sai ka daidaita zafin ɗaki, nan ne aikin yake. Saukar zafin jiki ta fi yawa a ɗaki mai sanyi, a ɗaki mai ɗumi kuwa kusan ɓacewa take yi. Wanda ya yi gwajinsa a Marwa cikin watan Afrilu, ana digiri 40 a waje, da wanda ya yi a tudun Ngaundere da sanyin safiya, ba za su ga abu ɗaya ba, alhali ozon ɗin ɗaya ne. Ka rataye ma'aunin zafi a cikin akwatin kansa, ba jikin bango ba, ka riƙa rubutawa kowace awa. Ranar da aka ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ka soke awon ranar, kada ka ji nauyi.

Ka auna kowane ɓera kwana biyu ko uku kafin ozon. Mai lafiya yana wajen digiri 37 zuwa 38, zuciyarsa na bugawa sau 300 zuwa 400 a minti. Da dare yake harkarsa, don haka ka tsayar da lokaci ɗaya kullum.

Wajen awo, ƙaramar na'urar da ake dasawa a ciki, mai aiko da awon zafi da bugun zuciya ba tare da waya ba, ita ta fi. In babu sai ma'aunin zafi na dubura, amma da ka kama shi ya fara zillo, tsoro zai ɗaga zafin jikin ya rufe abin da kake nema. Mutum ɗaya ya riƙa kamawa, da sauri.

Ka raba su gida biyu, ɗaya ozon, ɗaya iska tsabtatacciya. Ka ci gaba da awo bayan an kashe injin ozon har su dawo daidai. In ka maimaita kwanaki a jere, saukar za ta riƙa raguwa, jiki ya saba.

Bututun fitar iska ya fita waje. Idan ka ji warin ozon a ɗaki, mai kama da na bilic, ka kashe injin ka buɗe tagogi.